Ɗorawata a Gonar Habu

Bana ƙanena Habu ya zo mini da maganar sare ɗorawar da ke tsakiyar gonarsa a Furana. Wai tarakta ba ta samun wurin juyawa. To gona tasa ce, itace kuwa nawa ne, haka kakarmu Iya Mairo ta raba mana tun tana da rai. Yana magana, ni muryarta nake ji.

Daddawa Iya take yi, kalwa kuwa ba ta dahuwa da wuri. Bayan magariba mukan kewaye murhu, tana iza wuta tana korar mu da ludayi. A lokacin, daga bayan gidanmu har hanyar Ikara kurmi ne, birai har masara suke sace mana.

"Ku matso, 'yan nema, ga ta nan ta iso," in ji ta. Mu ce ta shigo mu ji.

Wai wani manomi ne mai haɗama, kullum gona ta yi masa kaɗan. Ya ɗaga wa kaɗanya gatari, ta ce, "In na tafi, da maina zan tafi." Ya sare. Kuka ta ce da miyarta za ta tafi, ya sare. Ɗorawa ma da ya sare ta, ta tattara kalwarta. Da aka yi girbi rumbunansa suka cika fal da dawa. Ya tara gari walima, aka buɗe akushi, sai gayan tuwo! Iya takan miƙe wuya tana kwaikwayon haɗiyar mai gari, mu yi ta birgima don dariya.

"Ya aro miya a maƙwabta mana," na taɓa cewa.

"A gidan wa? Duk sun koyi sara a wurinsa."

Abin dariya na ɗauki tatsuniyar a lokacin. Yau daga Furana har Makarfi masara ce da rake iya ganinka, kalwar da nake dafawa ma daga kudu ake kawowa. Wallahi abin yana mini ciwo. Ban ga laifin Habu ba, iyali gare shi. Amma na ce masa tarakta ta zagaya.

"Haba Yaya, kunya biyar fa zan rasa."

"Rasa su, Habu. Ni kunya ɗaya nake gudu, ranar da jikata za ta tambaye ni mece ce ɗorawa in rasa abin nuna mata."

Ya sa hularsa ya fita, ko sallama babu. Ranar huɗa, da garmar hannu ya bi gindin ɗorawar shi da kansa.