Injin da Ya Ba 'Yan Gagarawa

Ni ne na yi kuskure, ba shi ba. Duk wanda muka yi sakandare tare a Sule Tankarkar ya ji cewa abokina ɗan garin Ɗanzomo ne ya kayar da mu a gasar mutum-mutumi da aka yi a Gumel. Ƙarya ce, kuma daga bakina ta fito.

Mu huɗu ne a ƙungiyar. Abin da muka haɗa wata 'yar mota ce mai taya uku da ido biyu a ƙasanta, tana bin baƙin layi a kan farin allo ba tare da an taɓa ta ba. Ni ke rubuta mata umarni a kwamfutar Malam mai kula da ƙungiyar. Abokina kuwa ɗan Fulani ne da ke zuwa a keke daga rugarsu, kuma hannu gare shi: daga matattun rediyo da fitilun caji ya ciro rabin kayan jikinta. Ajinmu babu wuta, don haka a gindin darbejiya muke gwaji da tsakar rana. A wannan hasken na saita idanun.

Ranar gasa, injin da ke juya tayar motar 'yan Gagarawa ya ƙone tun ba a fara ba. Wata yarinya a cikinsu ta tsaya riƙe da shi, yana ta ƙauri. Abokina ya buɗe jakarmu, ya ciro injin da muka ajiye na canji, ya durƙusa ya ɗaura musu.

Na ce, "Kai Bafillace, nonon gidanku ne da za ka yi kyauta da shi?"

Ya ce, "Kaɗo, namu lafiyarsa lau. Su koma gida ba su ko gwada ba?"

Da aka kira mu, motarmu ta tafi kamu ɗaya, ta sauka daga layi, ta yi ta juyi a wuri guda. Nan take na gane. Zauren hasken lantarki ne, ba rana ba, idanun sun kasa rarrabe fari da baƙi. Gyaran lamba biyu ne kawai, da a ce na gwada da safe. Ban gwada ba, ina can ina leƙen kwamfutocin 'yan birni. 'Yan Gagarawa suka zo na uku.

A hanyar gida Malam ya tambayi abin da ya faru. Na ce inji ne ya gaza, na canjin kuma an kyautar. Abokina ya dube ni. Ya san injin nan kamar yadda ya san shanunsu. Yara suka laƙaba masa suna mai kyautar kofi. Zango na gaba bai dawo ƙungiya ba.

Har yau akwai masu cewa ko ma dai mene ne, bai kamata ya ba abokan hamayya kayanmu ba. Ban yarda ba, ba kuma zan yarda ba. Yarinyar nan wata uku ta yi tana haɗa tasu motar, kamar mu. Wasu kuma suka ce in bar maganar, ta wuce, tono ta zubar da mutunci ne. Mutuncina ne, ni zan zubar da abina.

Shekara biyu na ɗauka kafin in iya faɗin gaskiya. Na fara zuwa wurin Malam da sauran biyun, na faɗa musu gaskiya. Sannan ranar kasuwar Sule Tankarkar na same shi a kara, riƙe da igiyar bijimi, baffansa da dillalai a kewaye da shi.

Ya ce, "Kaɗo, saye ko kallo?"

Da ya ga fuskata sai ya nemi ya ja ni gefe. Na ƙi. Na gaida baffan, na juyo na ce, yadda kowa zai ji, "Ɗan'uwa, injinka bai gaza ba. Ni na ƙi gwada idanun, na ji kunya, na ɗora maka. Abin da ka yi wa 'yan Gagarawa daidai ne. Na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."