Baffa Sale da Birar Baljika

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Baffa Sale abin sha ya san abin da ke biyo baya. Zai karɓi kofin da yatsu biyu, ya ɗaga shi sama ya leƙa gindinsa, ya kai hanci, sannan ya zuba maka ido. Ko Zamzam ka kawo masa sai ya ce, "Ruwan dai na yarda da shi. Jarkar fa, wa ya wanke ta?" Ku da kuka zauna da shi a unguwar Utaibiyya ta Makka ba sai na rantse muku ba. Ni ɗan ƙaninsa ne, a gidansa na yi wayo, don haka na sha wannan kallo fiye da kowa.

Baƙalarsa, wato ɗan kantinsa, ita ce kaɗai a layinmu da ba a sayar da bira. Ba barasa nake nufi ba, wa ya isa a Makka? Ruwan sha'ir ɗin nan da ko yara ke kora shawarma da shi. Mai kawo masa kaya, wani mutumin Yaman mai haƙuri, ya yi ta fama da shi.

"Ya Ammi Sale, duba nan, an rubuta babu barasa ko ɗigo."

"Wa ya rubuta?"

"Kamfanin mana."

"Kamfanin da ke son in saya. To, ni ma gobe zan rubuta likita a ƙofar baƙalar nan, ka zo in cire maka haƙori."

Sai Allah ya jarrabe shi da tsakuwar ƙoda. Na ga Baffa da idona yana juyi a ƙasa yana kiran sunan mahaifiyarsa. Likita ya ce ya yawaita shan ruwa, in ba ta fita ba sai an yi aiki. Baffa kuwa babu abin da yake zargi kamar wuƙar likita, wai in suka buɗe ka kana barci ba ka san me suka ɗauka ba. Duk wanda ya zo dubiya maganarsa ɗaya ce: a sha bira, tana wanke ƙoda. Har matarsa, Inna Ladi, ta gaji ta ce, "Malam, ko sha'ir ko wuƙa. Ka zaɓa, mu ma mu huta."

Ya kira ni gefe. "Nasiru, ta garin nan na riga na zage ta a gaban jama'a, ba zan sha ba. In ka kai fasinja Jidda, samo min wata."

A wani babban kanti mai jiran kaya ya nuna min waɗanda ya ce irin na Baljika ne, masu hasken launi, su ma an cire musu barasa. Na kwaso kala uku.

Bayan la'asar Baffa ya aika aka kira amininsa Alhaji Usman, mai sayar da turaren nan da iyayensa suka zo ta Sudan. Ya kulle ƙofar falo, ya jera kwalaben a gabansa kamar masu laifi.

"Baljika ina ne?"

"Turai, Baffa."

"Suna salla?"

"Akwai masu yi."

"Su suka yi wannan?"

Ya zuba kaɗan a faranti, ya ƙyasta ashana ya kai. Ashana ta mutu.

"Ka gani, bai kama ba," na ce.

"Sun san za a gwada."

Ta farko launinta kamar zumar da aka tsinka da ruwa, ga kumfa fari a kai. Ya shinshina, ya ɗago a hankali. "Ayaba. Da kanumfari. Me ya kai ayaba gonar sha'ir? Ba a zuba ƙamshi sai akwai warin da ake ɓoyewa."

"To ni fa da sana'ata ke nan?" in ji Alhaji Usman.

"Kai ma ban gama da kai ba."

Ta biyu ba ta yi garau ba, tana ƙamshin ɓawon lemo. Baffa ya ce shi ba ya shan abin da ba ya ganin gindin kofi ta cikinsa, sai dai Alhaji Usman ya sha a ga yadda za ta yi da shi. Bawan Allah ya shanye, har da lasar leɓe. Baffa ya zauna yana kallon idanunsa. Can ya ce ya tashi ya bi bakin darduma a miƙe, kuma ya lissafo sunayen 'ya'yansa daga babba zuwa ƙarami. Alhaji Usman ya fara tafiya, dariya ta ƙwace masa.

"Ka ji ko, Nasiru? Dariya."

"Haba Sale, tun da ka san ni nake dariya."

"Ta yau ta yi tsawo."

Ga dariya ga haki, Alhaji Usman ya sa Bashir a gaban yayansa Mustafa. Baffa ya ture kwalbar da bayan hannu. Alhaji Usman ya yi ta rantsuwa cewa ko ranar Arfa haka yake rikita yaran nan, amma hukunci ya riga ya fita.

Ta uku ni aka ba. Ɗaci kamar shuwaka, har sai da na rufe ido. Ganin fuskata Baffa ya yi murmushi, karon farko tun da ciwon ya kama shi. Ya ɗanɗana da bakin harshe, ya jira, ya ƙara kurɓa.

"Wannan ce. Mai son ya cuce ka da zaƙi yake zuwa. Wannan ko a jikinta in ka ƙi ta."

Daga nan kullum sai na juye masa ita a fulas ɗin shayi, ya zauna a baƙala yana tsiyayawa a ɗan kofi. Wani maƙwabci ya taɓa leƙowa ya ce, "Ammi Sale, shayinka yau kumfa yake yi?" Baffa ya rufe kofin da tafin hannu ya ce, "Me ka zo saya?"

Tsakuwar dai ta fita, ba a yi aiki ba. Ko birar ce, ko yawan ruwan da likita ya ce, Allah ne masani. Ya sa ta a kwalbar turare yana nuna wa masu sayayya. Na ce, "Baffa, Baljika ta yi rana."

"Wa ya ce? Da Zamzam nake bin ta. Ita rakiya kawai ta yi."

Kuma har ya bar duniya bira ba ta shiga firjin baƙalarsa ba.

Amma akwai shekarar da wani tsohon alhaji daga Nijar ya ɓace wa 'yan'uwansa, ya zube a ƙofar baƙala ƙafafu a kumbure, bai san ko sunan masaukinsa ba. Baffa ya gaishe shi da Hausa, tsohon ya fashe da kuka. Bai tambaye shi komai ba. Ya kai shi gida, ya ba shi gadonsa da jallabiyarsa, shi ya koma ƙasa da ciwon bayansa, har aka gano mutanensa. Na tsokane shi na ce, "Baffa, wannan ba ka bincika ba?"

Ya ce, "Baƙon Allah ne. Wanda ya kira shi ya san shi."

Allah ya jiƙan Baffa Sale. Yadda ya sauki baƙonKa, ya Rabbi, Ka sauke shi a gidan rahamarKa, Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka ba Inna Ladi haƙurin rashinsa. Amin.