Shayar da 'Yata ta Fari

Tun ina da ciki ake ba ni tsoro da naƙuda. Duk matar da ta zo gaishe ni sai ta ba ni labarin tata, wata ta ce ta kwana biyu tana abu ɗaya, wata ta ce har ta yi wasiyya. Babu wadda ta taɓa ce mini ga abin da zan gani wajen shayarwa. Ni ma ban taɓa tunanin abu ne da ake koyo ba. Na tashi ina ganin mata suna ba da nono suna tsince shinkafa, suna ba da nono suna ciniki, wata ma tana faɗa da maƙwabciyarta ɗan yana maƙale a ƙirjinta.

A damina na haihu, a Dutsin-Ma inda nake aure. Naƙudar ta zo da sauƙi, har na ji kamar an yi mini ƙarya. Mace na samu, 'yar siririya mai ɗan ƙaramin baki da yawan gashi. Da aka miƙo mini ita aka ce in ba ta, ta kama, sai na ji kamar an sa mini tsinin allura a kan nono. Na cije leɓe. Na ɗauka haka farkonsa yake.

Kafin ranar suna kan nonona duka biyu ya tsage. Idan ta saki sai in ga ya lanƙwashe ya yi fari, can kuma jini ya tsattsafo. Riga ma idan ta taɓa wurin sai na ji har tsakiyar kaina. Gidan kuwa cike yake da 'yan barka, kowa da murnarsa. Ita kuma 'yar fari ce, kuma kowa ya san ana kunyar ɗan fari: ba ka faɗin sunansa, ba ka nuna ɗokinsa a gaban mutane. Don haka idan ta yi kuka sai in jira har wani ya ce, "Ke, ba ta mana." Sai in ja mayafi in lulluɓe ta, in tura ta ciki, in kawar da kaina gefe kamar ba ni na haife ta ba. Mata suna yaba ni, wai ga yarinya mai kunya. Ba su san ina danne yatsun ƙafata a cikin tabarma ba don kada in yi ihu.

Bayan suna aka kai ni Kurfi, gidan iyayena, wankan jego. A nan ne abin ya fito fili, domin a gidanmu babu inda zan ɓuya. Mutum biyu ne a kaina. Akwai Gwaggo, yayar babana, wadda ita ke dafa ruwa da ganyen darbejiya tana yi mini wanka safe da yamma. Akwai kuma Inna, mahaifiyata. Ni ma 'yar farinta ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke" take ce mini, ko "waccan". Ita ke dama kunun kanwa, ita ke gasa naman da ake barbaɗa wa yaji, amma sai ta ba Gwaggo ta kawo mini. Ba ta zama a ɗakina.

Yarinya ta yi ta kuka. Tana kamawa ta tsotsa kaɗan ta saki, ta sake kamawa, ta fusata, fuskarta ta yi ja. Ni kuma nono ya cika ya yi tauri, ya yi zafi, har hammata ina jin nauyinsa. Da na ji motsinta alamar za ta farka, sai gabana ya faɗi. Ina son ta kamar raina, amma ina tsoron bakinta.

Wata safiya Gwaggo ta ga jini a jikin zanen da na ɗaura. Ta sa na buɗe, ta duba, ta riƙe haɓa.

"Ɗiyata, tun yaushe kike haka?"

"Tun a can, Gwaggo."

"Shi ne kika yi shiru? To mi kike jira, sai ya cire?"

Ta fita ta kira Inna. Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Gwaggo ta ce ita a ganinta nonon ne ba shi da kyau, shi ya sa yarinya take ƙinsa, kuma akwai yadda ake ganewa. Ta sa na tatsa kaɗan a murfin kwano, ta je gindin katanga ta kamo tururuwa ta jefa a ciki. Idan ta mutu, nono ya ɓaci. Muka zuba mata ido mu uku. Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil, ta kai bakin murfin, ta haye ta sauka ta yi tafiyarta. Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya. Gwaggo ta ce, "To, ba shi ba ne," kamar ba ta ji daɗin rasa mai laifi ba.

Aka shiga magani. Aka shafa man kaɗanya, aka gasa mini da tsumma da ruwan ɗumi. Gashin yana sassauta taurin, amma da yarinya ta kama sai tsagar ta koma sabuwa. Maƙwabta suka fara kawo shawara. Wata ta ce a ba ta nonon akuya. Wata ta ce akwai matar ƙanen babana da take goyo, a riƙa kai mata.

Maigidana yana zuwa duk ranar kasuwar Kurfi, ya rufe shagonsa na gyaran waya ya hau mashin ya taho. A zaure muke gaisawa. Ran nan ya ga yadda na rame, ya ga ina tafiya a duƙe ina riƙe riga don kada ta taɓa ni. Zuwansa na gaba sai ga shi da gwangwanin madarar jarirai da fida, kwalbar ba jariri madara, a leda.

"Ki huta haka nan," ya ce. "'Ya'ya nawa aka raina da wannan, ga su nan sun girma. Ba na son ganin ki haka."

Na san don tausayi ya yi, kuma gaskiya ya faɗa. Na karɓa na yi godiya. Amma na ce masa ina so a fara kai ni asibiti, a duba bakin yarinyar, a duba ni. Idan sun ce babu yadda za a yi, zan ba ta madarar da hannuna, ba zan ji komai ba. Ni dai ina da nono har yana zuba, ita kuma tana jin yunwa, na kasa yarda cewa tsakanina da ita babu hanya.

Gwaggo ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in. Babana, wanda bai taɓa sa baki a maganar ba, ya ce daga bakin rumfarsa, "Yaya, ciwo bai san arba'in ba. A kai ta." Gwaggo ta ce to ita ƙafarta ba za ta iya mota ba. Sai Inna ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta.

Ita ta riƙe yarinyar a mota har Dutsin-Ma. Gero ya yi tsawo a gefen hanya, an yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi, ni kuwa kowane rami motar ta faɗa sai na runtse ido.

Malamar da ta gan mu a ɗakin awon jarirai babbar mace ce mai tabarau, mai magana da ƙarfi. Ta sa yatsa ta duba bakin yarinyar da ƙarƙashin harshenta, ta ce lafiya lau. Ta duba ni, ta ce, "Sannu, mai jego. Kin sha wuya." Wannan kalmar kaɗai ta kusa sa ni kuka. Sannan ta ce in ba ta nono ta gani.

Na ja mayafi na lulluɓe ta, na juya kaina wajen taga.

"A'a," ta ce. "Ina kike kallo? Buɗe."

Na dubi Inna. Inna ta dubi ƙasa.

"'Yar fari ce ko?" malamar ta tambaya. Na ɗaga kai. Ta ce, "Na gane. Ki yi kunyarki a tsakar gida, ba wanda ya hana ki. Amma wajen ba da nono sai kin kalle ta. Dubi nan, kan nonon kawai take kamawa, tana murza shi da dasashi. Dole ya tsage, ita kuma ba ta samun abin kirki."

Ta zaunar da ni da kyau, ta sa mini matashi a cinya. Ta juyo yarinyar gaba ɗaya, cikinta a jikin cikina, domin da a rigingine nake kwantar da ita, wuyanta ne kawai ke juyowa. Ta ce in goga kan nono a leɓenta na sama, in jira, kada in yi gaggawa, sai ta wangale baki kamar mai hamma, sannan in jawo ta da sauri, ta cika bakinta har da baƙin da ke kewaye da kan nonon. Idan ta kama ba daidai ba, in sa ɗan yatsana a gefen bakinta in cire, a sake. Muka yi, ta kuskure. Muka sake, na kuskure. Yarinya ta ɓarke da kuka.

Malamar ta juya ga Inna. "Hajiya, matso ki tallafa mata kafaɗar jaririyar. A gida ke za ki taya ta, ba ni ba."

Inna ta matso, ta durƙusa a gabana, ta sa hannu ɗaya a bayan jikarta, ɗayan kuma ta tallafo nonona da shi. Rabon da hannunta ya taɓa jikina haka na manta. Yarinya ta wangale baki, Inna ta ce, "Yanzu," na jawo ta. Ta kama. Akwai zafi, domin ciwo yana nan, amma ba wancan zafin ba ne. Na ga haɓarta ta nutse a jikina, na ga kunnenta yana motsi, sai na ji wani ɗan sauti, ƙut, ƙut. Tana haɗiya. Ban taɓa jin wannan sautin ba sai ranar.

Ba a ranar aka gama ba. Da muka koma Kurfi wani lokacin ta kama daidai, wani lokacin mu yi ta fama har in jiƙe da gumi. Nonon hagu ya fi tsagewa, sai na bar shi ya huta kamar yadda malamar ta ce, ina tatsa a kofi mai tsabta, Inna tana ba ta da ƙaramin cokali. Bayan kowace shayarwa in shafa ɗan ruwan nonon a kan ciwon in bar shi ya sha iska. Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa ganin mai jego tana zaune ƙirji a buɗe kamar mai jiran wanzami ba, amma ita ce ta rataya zane a ƙofar ɗakin don kada a shigo mini kai tsaye, kuma ita ce take korar masu kawo shawara.

Inna ta koma zama a ɗakina. Da ta ji kukan yarinya sai ta ajiye abin da take yi ta wanke hannu ta shigo. Wata rana da hantsi, tana tallafe da kan jikarta, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Haka na yi da ke. Bakin zane nike cizawa. Ban hwaɗa ma kowa ba har ya warke don kansa."

Na ce, "Inna, ba ki ba ni nonon akuya ba?"

"An kawo. Ban ba ki ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta tashi ta ce tukunyarta tana kan wuta. Na daɗe a zaune ina kallon 'yata tana sha.

A hankali tsagar ta rufe. Kukan ya ragu, wuyan yarinya ya fara yin layi, cinyoyinta suka cika, har rigunan da aka kawo ranar suna suka fara matse ta. Gwangwanin madarar ban buɗe shi ba. Na ba wata mata a unguwarmu da ta haifi tagwaye nononta bai ishe su ba, ta ji daɗinsa ƙwarai, yaranta kuma suka yi ƙiba da shi.

Da na yi arba'in aka shirya ni komawa ɗakina. Motar haya muka shiga ni da Gwaggo, wadda ƙafarta ta warke da jin za a yi rakiya. Motar ta cika, da mai buhun gyaɗa, da mai kaji a kwando. Ba mu yi nisa da Kurfi ba yarinya ta farka ta fara neman abinci. Na gyara zama a matse, na juyo ta, na jira ta buɗe baki, na ba ta. Ko ɗar ban ji ba. Wata tsohuwa da ke gefena ta leƙo ta ce, "Tubarkalla, wagga ɗiya ta iya sha. Ta nawa ce?"

Gwaggo ta riga ni amsawa. "Ta fari ce. Uwar ce ta iya."

Direba ya tsaya ɗaukar wani fasinja, aka ce mu ƙara matsawa. Na matsa da ita a ƙirjina ba ta saki ba, har muka fara hango duwatsun gari.