Layin da Na Tsallake

Akwai wata Asabar a kasuwar Gwarinpa da ba ta taɓa fita raina ba, kuma na san ba za ta fita ba har in koma ga Mahaliccina. Lokacin ina sabon ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, gwauro, ba ni da abin taƙama sai kunne. Waƙoƙin hip hop su ne abincina. A ofis duk wanda baiti ya shige wa duhu, ni yake nema. In warware habaici, in nuna inda mawaƙi ya ɗauki kalma ɗaya ya ba ta aiki biyu, in faɗi wanda ake zagi ko ba a kira suna ba. Kaina ya yi girma sosai, har nakan ji tausayin masu sauraren kiɗa kawai.

Akwai wata dattijuwa 'yar Gbagyi da take zuwa daga Paikon Kore duk Asabar da doyarta. A wurinta nake saye, kuma kullum sai ta yi min tsiya a kan abin da ke toshe a kunnena. Ran nan ba ta yi tsiyar ba. Ta zaɓa min doya, ta riƙe ba ta miƙo ba, ta ce, "Ɗana, kai kana jin Turanci na waƙa?"

Na ce, "Mama, ai nan kika zo gidana."

Ta kunce bakin zaninta ta fito da ƙaramar waya, ta nuna min benci. Ashe waƙa ce a cikin wayar, kuma ɗanta ne mawaƙin. Bayan rasuwar mahaifinsa ya ce shi ba zai yi noma ba, waƙa zai yi. Suka yi faɗa, ta ce masa in ya tafi kada ya dawo. Ya ɗauki maganar ya tafi da ita Legas, shekara huɗu ko gaisuwa babu. Yanzu ga waƙarsa ta shigo gari, mutane suna ce mata ya ambaci gida. Ta ji kunyar tambayar 'yan garinsu, don ba ta san abin da za ta ji ba.

"Abu ɗaya nake so," in ji ta. "Ka gaya mini ko fushinsa ta wuce."

Na kunna. Yaron ya iya, wannan ba zan hana shi ba. Turanci da gurɓataccen Turancin nan na burokin yake cakuɗawa, yana gudu kamar ana bin sa. Ni kuwa na samu filin da nake so. Na riƙa tsayar da waƙar ina bayani: nan gadar da ya ambata tana nufin inda ya kwana farkon zuwansa, nan habaici yake yi wa masu shirya waƙa da suka raina shi, nan kuma ya yi wasa da sunan wata unguwa. Har da ɗaga hannu nake yi. Yau in na tuna sai kunya ta kama ni, domin na manta gaba ɗaya cewa uwa ce a gabana, ba 'yan ofis ba.

Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To, ni fa?"

Na ce gaskiya ban ji inda ya yi maganarta ba. Ta kalli doyarta. Can sai ta ce in mayar da waƙar baya. Muka saurara tare, har muka zo ƙarshen baiti na biyu, inda kiɗa ke lafawa. Ta ɗaga yatsa.

"Nan. Ka tsallake nan."

Na ce, "Mama, wannan ciko ne kawai. Ba salo, ba komai. Ko daɗin amo ba shi da shi."

"Ni ban jin Turanci," ta ce, "amma sau nawa na ji waƙan nan. A nan muryarsa ya sauka. Haka yake yi tun yana ƙarami, in yana son abu yana tsoron tambaya. Faɗa mini yadda ya faɗa, kar ka ƙara naka."

Na sake saurara, na fassara mata layin tsurarsa. Cewa ya yi: ko an haƙe tudun doyar da ke gindin ɗorawa?

Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Ta dafe bakinta, hawaye na bin bayan hannunta. Da ƙyar ta yi min bayani. A gidansu, tun zamanin mijinta, idan wani ba ya nan lokacin haƙar doya, akan bar masa tudu ɗaya a ƙarshen gona, kusa da ɗorawa, sai ya dawo ya haƙa da hannunsa. Muddin tudun na tsaye, yana da wuri a gidan. Shekara uku tana bar masa, doyar tana ruɓewa a ƙasa. Bana ta gaji, ta gaya wa masu yi mata aiki su haƙe duka, kuma ranar Litinin za su kai gindin ɗorawar.

Ko azahar ba a yi ba ta fara haɗa kayanta. Ta bar wa maƙwabciyarta sauran doyar, ta gyara ɗaurin zani. Na bi ta da ido har ta shige cikin masu neman mota, tana sauri irin na wadda ta bar tukunya a wuta.

Asabar biyu ba ta zo ba. A ta uku na same ta a wurinta, na tambaya tun kafin mu gama gaisawa. Ta yi murmushi ta ce, "Bai zo ba tukuna. Amma ya tambaya, ɗana. Wanda ya tambaya yana hanya."

Ba a jima ba aka yi min canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Da na dawo Abuja bayan shekaru, na zagaye kasuwar nan ban gan ta ba, kuma babu wanda ya iya gaya min labarinta. Har yau ban san ko ya zo ba. Ina kewar matar nan, kuma duk kaka sai na samu kaina ina roƙon Allah ya sa yaron ya haƙa doyarsa tana raye.

Abin da ranar ta koya min shi ne, sanin salo daban, jin mutum daban. Ni na san duk dabarun waƙar, amma na kusa tura uwa gida da labarin cewa ɗanta ya manta ta. Tun daga lokacin, in mutum yana min magana, nakan bar wurin da ya ƙawata, in kasa kunne inda muryarsa ta sauka.