Abin da Yaya Ya Tono a Gindin Lemon Inna

Babanmu ya rasu ya bar lambu a bayan Yalwan Damai, can inda ƙasa take gangarawa zuwa fadama. Mangwaro ne ya fi yawa, sai gwaiba nan da can, sai 'yan bishiyoyin lemo a kusurwar gabas kusa da rijiya. Ya kuma bar yayanmu, ɗansa na fari. A cikin biyun nan, lambun ya fi hankali.

Tun ina ƙarama na san lambun yana da cikinsa kamar kowa a gidanmu. Da an gama girbi Baba zai kwashe jujin bayan gida, toka da kashin awaki da sharar tsakar gida, ya loda wa jaki a mangala ya kai. Ba ya zubawa a jikin itace, sai can inda inuwar rassa ta ƙare, wai a nan bakin bishiya yake. Ganyen da ya zubo kuwa ba mai share shi, nan zai ruɓe ya koma ƙasa. Da rani kuma akwai wani dattijo makiyayi daga wajen Maruta, muna ce masa Baffa, da yake zuwa da iyalinsa da shanunsa su sauka a gefen lambun. Shanu su ci karan gonarmu, su sha a rijiyarmu, su kwanta tsakanin mangwarori, yau nan gobe can, har su zagaye wurin. Ban taɓa jin an yi ciniki ba. Su bar mana taki, mu ba su dawa, matarsa ta yi ta aiko mana da kindirmo har mu ƙoshi.

Da lambu ya dawo hannun Yaya, sai muka ga sabon noma. Shi Yaya mutum ne da ba ya iya ganin abu a ajiye ya ƙyale shi, in dai akwai mai saye. Kara ya fara sayar wa masu kiwon turke na cikin gari. Juji ya bi baya, masu albasa a fadama suka zo da amalanke suka kwashe shi tas. Da rani ya yi, Baffa ya iso da shanunsa kamar yadda ya saba, sai ya tarar an kewaye lambu da waya.

"Ɗana, ina za mu sauka bana?" in ji Baffa.

"Ai Baffa zamani ya canza," in ji Yaya. "Lambu ne wannan, ba makwantar shanu ba. Masu saye daga Kano suke zuwa, ba zan bari su riƙa taka kashi ba."

Baffa ya kaɗa shanunsa ya nausa kudu. Ba mu sake ganinsa ba.

Saboda waɗannan masu saye daga Kano ne kuma Yaya ya ƙirƙiro shara. Ya sa a share ganye, a tara, a cinna wuta, iska ta kwashe tokar ta kai gonar maƙwabci. Lambu ya yi fes, ƙasa ta yi fari fat, ana iya shanya tuwo a kai. Yakan tsaya a bakin waya yana gyara hula yana cewa ko Baba bai taɓa tsaftace wurin haka ba. Gaskiyarsa, Baba bai taɓa ba.

Bishiyoyi suka ci gaba da haihuwa na ɗan lokaci, suna cin abin da Baba ya bari a ƙasa, Yaya kuwa yana karɓar yabo. Daga baya ganye ya fara yin rawaya. Fure ya fito ya kakkaɓe. Ɗan abin da ya tsaya ƙanana ne, ga tsami, ƙwallo ya fi nama. Sau ɗaya ya gwada takin zamani: ya tuttula shi tsibi guda a jikin gwaiba, da tsakar rani, ba ruwa. Gwaiba ta ƙone. Daga nan ya yanke hukunci cewa ba yunwa ce ke damun lambunsa ba, tunda ga shi ya ba da abinci an ƙi ci. Kambun baka ne. An yi masa baki, an yi masa sammu, kuma wai ya san masu yi.

Wayyo, abin da bishiyoyin nan suka gani! An buga musu ƙusa, an ɗaura musu jan ƙyalle, an rataya musu layu har suka fi jaririn goyo. Wani boka daga wajen Wurno ya zo ya binne tukunya a tsakiyar lambu, ya tafi da zakara. Yaya ya zargi Baffa, ya zargi maƙwabcin da tokarmu ta gyara wa gona, ya zargi duk wanda ya taɓa cewa ma sha Allahu a bakin waya. An bar jaki ana dukan taiki. Da ya gaji sai ya ce in bana ba su yi ba, zai kira masu gawayi su sare su gaba ɗaya ya huta.

Wannan magana ita ta hana Inna, mahaifiyarmu, sukuni. Da aka raba gado, kusurwar lemo ta roƙa a matsayin tumuninta na takaba, don Baba ya dasa mata su ne saboda son da take wa lemo. Ba ta da wani buri da ya wuce kada gatari ya shiga lambun tana raye. Kullum da safe in ta gama shara, sai ta zuba toka da kashin awakinta da na akurkin kaji a wani tsohon kwano, ta rufe da faifai, ta dogara sanda ta tafi. Ta tona kaɗan a ƙarshen inuwa, ta zuba, ta mayar da ganye a kai, ta jawo ruwa ta ba su. A cikin lambun da ya koma kamar mai ciwon shawara, kusurwarta kaɗai ce kore shar, rassa har ƙasa don nauyi.

Wani zai ce me ya hana ta zaunar da ɗanta ta faɗa masa gaskiya. Ai ɗan fari ne. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi. Inna kuwa ta riƙe wannan kunya gam, tunda nake ban taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana ba. Ni ce 'yar aike. In na zo daga Birnin Kudu inda nake aure, sai ta ce, "Ki ce wa wancan ya daina ƙona ganye. Ki ce masa ya nemo makiyayin nan ya ba shi haƙuri."

Na faɗa masa, ba sau ɗaya ba. Sai ya yi dariya.

"Ke dai mace ce. Kashin akuya ne zai yi wannan aiki? Ruwa ba ya tsami banza. In kashi ne kawai, me ya sa take rufe shi da faifai?"

"Don kada iska ta watsa mata toka a ido, Yaya."

"Haka ta ce miki. Akwai abin da Baba ya bar mata, kuma a gindin lemon nan yake binne. Ni ne babba, amma ni aka ɓoye wa."

Na ɗauka surutu ne irin nasa. Da bazara, zafi kamar ya dafa mutum, lemo ya ɗaura 'ya'ya ƙanana, na zo na tafi da Inna gidana don a duba mata ƙafa. Bayan 'yan kwanaki muka dawo da hantsi, ta ce mu fara biyawa ta lambu, lemonta sun sha ƙishirwa.

Tun daga nesa muka jiyo ƙarar diga. Yaya ya ɗauko 'yan ƙwadago sun haƙa rami sun zagaye kowace bishiyar lemo, zurfin ya kai cinya. Saiwoyi a datse, farare, suna kallon rana. A gefe ga tarin ƙasa baƙa wuluk, mai laushi kamar gari, tana da gwazarma suna motsi a ciki, tana ƙamshi irin na ruwan farko. Shi kuma yana durƙushe a kai yana murza ta da yatsu yana neman laya.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa wa, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Ko ta kaina bai bi ba. Ya miƙe, ya watsar da abin da ke hannunsa, ya kakkaɓe tafi.

"Na duba ko'ina," ya ce, ransa a ɓace kamar shi aka cuta. "Ba komai a ciki sai shara."

Inna ta ajiye sandarta, ta durƙusa da ƙafar nan mai ciwo, ta fara tura ƙasa cikin rami da hannu biyu. Can ta ɗaga kai ta dube shi, ido cikin ido.

"Matsa," ta ce. "Kana tsaye a kan saiwa."

Maganar farko ke nan da na taɓa ji ta yi masa a duniya. 'Yan ƙwadago suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya matsa, yana gunaguni wai lallai an riga shi an ɗauke abin.

Mun mayar da ƙasa, mun yi ta ban ruwa, amma ihu ne bayan hari. Lemo ya zubar da 'ya'yansa, ganye ya nannaɗe, kafin damina ta sauka rassa sun bushe. Yaya ya ce wannan ya tabbatar da maganarsa, tunda ga shi da aka taɓa wurin sirrin ya karye. Bayan kaka masu gawayi suka zo. Daga tsakar gidanmu ana jin saran gatari, Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ji. Ni ce na yi ta kuka don haushi.

Washegari ina nan ban koma ba. Da safe ta yi shara kamar kullum, ta zuba toka da kashin awaki a kwano, ta rufe da faifai, ta ɗauki sanda. Sai da ta kai zaure ta tsaya cak, kwano a hannu. Yaya yana zaune a kan tabarma yana shan koko. Ya leƙa kwanon, ya ga an cika shi.

"Inna, ajiye shi a nan," ya ce. "Mai albasa zai zo anjima."