Sun ce kunyar ɗan fari nake yi

Na san na ɓace muku tun bayan suna. Masu tambaya ko daɗin jego ne ya ɓoye ni, yau zan ba ku amsa.

A Gwarzo na haifi Sadiq, aka kai ni wanka gidanmu a Garo, wajen mahaifiyata Inna. Ranar da aka miƙo min shi ji na yi kamar an ba ni ajiyar maƙwabta.

Yana kuka ina kallon bango. Sai Inna ta ɗora min shi nake ba shi nono, kaina a juye. Abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa, in na shiga wanka in yi ta kuka.

Abin da ya fi ƙona min rai, yabona ake yi. Masu zuwa barka su ce, "Inna, kin iya tarbiyya. 'Yan yanzu a gaban iyaye suke rungumar ɗan fari, ita ko kallonsa ba ta yi." Ina ƙonewa a zaune ana sa min albarka.

Na ce, "Inna, wallahi ba kunya ba ce, ba na jin sa a raina." Ta ce, "Rufe min baki, uwa ba ta faɗin haka."

Yaro ya fara ramewa. Gwaggo Asabe, yayar mijina, ta ce tunda kunyar ta yi yawa a ba ta shi ta tafi da shi Durun, ta raine shi da madara. Aka fara maganar ranar tafiya a gabana, na kasa cewa a'a.

A wajen rigakafi ne ma'aikaciya ta auna shi, ta dube ni ta ce, "Ke fa, yaya jikinki?" Kawai na fashe da kuka. Ta tura mu babban asibiti.

Layi, kati, gwajin jini, a dawo gobe. Sai da mijina ya sayar da masararsa. Ina tsoron a ce na haukace. Likita ta ce, "Ciki yana tara sinadarai a jiki, bayan haihuwa su sauka lokaci guda. Suna taɓa ƙwaƙwalwa, suna cikin abin da ke sa kukan ɗa ya tayar da uwa tsaye. Naki ba su daidaita ba. Ciwo ne, kuma yana da magani."

Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in riƙa kwantar da shi a ƙirjina, fata da fata. Inna ta yi tsaki, amma kullum bayan wanka sai ta aje min shi ta fita ta ja ƙofa.

Sauƙin bai zo da wuri ba, har na fara jin haushin maganin. Wata hantsi ina shan kunun kanwa ya tsanyara kuka, sai ganina na yi a kansa, rigata ta jiƙe da nono. Da Gwaggo ta zo ɗaukarsa na ce, "Ki yi haƙuri, ba inda za shi."

Na gode wa Allah, na gode wa mijina, da ma'aikaciyar nan, da Inna duk da tsakinta.

Don Allah, in kun ga mai jego ba ta ci, ba ta barci, tana kau da kai daga jaririnta, ku ja ta ɗaki ku tambaye ta, ku kai ta asibiti. Ni yabo na sha, saura ƙiris a tafi min da ɗa ina kallo.