Na'urar da Na Ɓoye a Gindin Randa

Shekarun baya kaɗan, tun gwiwa ba ta hana ni zuwa fadama da ƙafa ba, na yi wani abu da har yau in na ratsa kasuwar Illela sai an sami mai tuna min da shi. Gara ku ji daga bakina.

Ni manomin albasa ne. A aji huɗu na firamare bokona ya tsaya, amma in dai maganar ajiyar albasa ce, daga Gidan Katta har Lafani ni ake tambaya: yadda ake ɗaura rudu, wato rumfar kara da ciyawa da muke jibge albasa a ciki, da inda bakinsa zai kalla don iska. Wannan suna ya shiga kaina fiye da yadda na sani.

Wata shekara ɗiyar aminina, Allah ya jiƙansa, ta zo daga jami'ar da take neman digiri na uku. A gabana yarinyar nan ta girma. Ta kawo wasu ƙananan na'urori, kowace ba ta wuce gidan ashana ba. Ta ce a tsakiyar albasa ake cusa su, su riƙa auna zafi da laima suna aikawa kwamfuta. Ita kuma kwamfutar an koya mata, da abin da suke kira ƙirƙirarriyar basira, ta gane ruɓa tun hanci bai ji ba, sai ta turo wa manomi saƙo a waya.

"Baba, da rudunka nike son in fara," in ji ta. "In ka yarda, kowa ya yarda."

Na yarda a gaban mutane, har da sa albarka. Amma tana juya baya zuciyata ta fara min magana. Idan wannan gidan ashana ya ce ruduna ba shi da kyau fa? A rubuce kuma, a gaban malaman jami'a? Sai na zaro na'urar da ta cusa a ruduna. Na gaya wa kaina amana ce, kada ɓarawo ya ɗauke ko ruwa ya taɓa ta. Na kai ta ɗakin maiɗakina, na ajiye a gindin randa, na kifa faifai a kai. Ranar kasuwa yarinyar ke zuwa dubawa, don haka duk ranar kasuwa da safe sai in mayar da ita cikin albasa, ta tafi in sake zarowa. Dattijo da furfura, ina wasan ɓuya da gidan ashana.

Bazara ta yi zafi, aka yi ruwan farko. Wani abokina a Amarawa ya sami saƙo a wayarsa, ya buɗe rudunsa, ya tsince waɗanda suka fara laushi, ya tsira da sauran. Ni wayata shiru, don a wurin kwamfuta albasata tana kwance cikin sanyin randa. Ranar da wari ya kira ni, fiye da rabi ta zama ruwa.

Asarar ba ita ce laifina babba ba. A majalisarmu ta bakin kasuwa aka tambaye ni, "Malam, ina na'urar taka?" Na buɗe baki na ce, "Ƙarya take yi. Ko uffan ba ta ce min ba." Kafin mako ya zagayo, manoma da dama sun cire nasu sun mayar wa yarinyar.

Ta zo gidana da rana, ta durƙusa ta gaishe ni, ta fito da wayarta. Ta ce kwamfutar ta ware ruduna daban, ta nuna cewa abin da ke fitowa daga wurina bai yi kama da na kowane rudu ba. Malamanta sun fara zargin ita ta zauna ta ƙirƙiro lambobin. Za su zauna a kanta, kuma in zargin ya tabbata, aikinta na shekaru ya tafi, sunanta ma haka.

"Baba, abu guda ya ɗaure min kai. Kullum da hantsi laima na tashi. Wa ke zuba ruwa cikin rudunka?"

Na ce, "Ruwa cikin rudu? Kin san da wa kike magana?"

Ta sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Ta tashi ta tafi.

Maiɗakina tana bayan labule, ta ji komai. Ta kawo min fura ta dire. "Malam, mai zuba ruwa da hantsi dai ni ce, kuma a randa nike zubawa. Ko ka hwaɗa ko in hwaɗa." Ban iya shan furar ba.

Na je wurin abokina na Amarawa na kwance masa komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗaure fuska. "Yi shiru da bakinka. Yarinya ce, ta sake wani karatu. Kai in girmanka ya zube, da mi za ka kwashe shi?" Na dube shi, na tuna ubanta da muka yi noma kafaɗa da kafaɗa. Na ce girman da sai marainiya ta faɗi zai tsaya, ba na so.

Ranar zaman na sa babbar rigata na shiga mota. Da ƙyar aka bar ni na shiga ɗakin. Malamai sun jeru, ita tana gefe ita kaɗai. Na ce ban iya Turanci ba, kuma ba zan fita ba sai an saurare ni. Na faɗi komai, har faifan.

Babbansu ya gyara tabarau. "Baba, mun gode. Amma ka san ɗiyar amininka ce. Wa zai ce ba rufa mata asiri ka zo yi ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ku yarda da ni. Na riga na yi ƙarya sau ɗaya. Ba aunawa ce sana'arku ba? Randa tana nan, matata tana nan, hantsi bai daina yi ba. Ku kawo na'urarku ku aje."

Haka aka yi. Suka turo mutum biyu, aka kifa faifai a kan na'ura a gindin randa mako guda, lambobi suka fito irin na da. Aka wanke ta. Ni kuma na koma majalisar da na yi ƙaryar, ranar kasuwa, na maimaita a gaban waɗanda suka cire nasu. Wasu sun mayar da na'urar cikin rudunsu, wasu har yau ba su mayar ba, kuma wannan a wuyana yake.

Tun daga ranar sunana ya koma Mai Randa. Masu tambayata ɗaurin rudu sun ragu. Akwai masu cewa na zubar da mutuncin manoma a gaban ƴan boko, na bar ƙarfe ya ƙaryata dattijo. To su ji da kyau: ƙarfe bai ƙaryata ni ba, inda na ajiye shi ya faɗa. Ina kunyar ɓoyewar, ina kunyar abin da na ce a majalisa, ina neman gafarar Allah a kansu. Zuwana jami'a kuwa, ko gobe aka sake sai na je.

Yanzu ana kiranta Dakta. Duk shekara da hannunta take cusa na'urar a ruduna, ta ɗago ta ce, "Baba, a nan za ta kwana ko?" Sai in ce ta tambayi mai zuba ruwa.